Soja da 'Yan Kwana-kwana: Tarihin Ceton Mutane Daga Guba

 Yau jawabinmu na kiwon lafiya tarihi ne. Za mu ba ku labarin yadda aka yi soja da 'yan kwana-kwana, watau masu kashe gobara, suka fara koyon aiki tare a waɗansu ƙasashe, domin su ceci mutane in guba ta bazu cikin iska, ko kuwa in wani mugu ya watsa ƙwayoyin cuta da gangan. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan mutumin ƙauye da wannan? To, a yi haƙuri a ji. Gubar da za mu ambata 'yar'uwar maganin ƙwarin nan ce da ke ajiye a ɗakinku, cutar da za mu ambata kuwa makiyaya sun san ta tun kaka da kakanni. Abin da mutanen nan suka koya da tsada, har da hasarar rayuka, kowa yana iya aikata shi a gona ko a tsakar gida.

Asalin abin

Ran 22 ga Afrilu, 1915, ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, sojan Jamus suka buɗe dubban tulunan ƙarfe kusa da wani gari da ake kira Ypres a ƙasar Beljiyam. Wani hayaƙi kore-kore ya fito, iska ta kwashe shi zuwa ramukan da sojan Faransa ke fakewa, cikinsu har da mutanen Aljeriya. Hayaƙin nan kulorin ne, watau abin nan da akan ɗiga kaɗan cikin ruwan famfo don a kashe ƙwayoyin cuta. Amma in ya yi yawa cikin iska yakan ƙone huhu. Ya kuma fi iska nauyi, saboda haka ya gangara cikin ramukan, ya tarar da mutane a inda suke tsammani sun tsira. Da farko soja tsumma suke jiƙawa su ɗaure hanci, daga baya aka ƙera musu takunkumi mai tace iska. Kafin yaƙin ya ƙare a 1918, guba iri iri ta kashe soja kimanin 90,000, ta kuma raunata fiye da miliyan guda.

A 1925 ƙasashe suka taru a birnin Janeba suka sa hannu a kan alkawarin ba za a ƙara yaƙi da guba ko da ƙwayoyin cuta ba. Amma ba a daina bincike ba. A 1936 wani masani Bajamushe, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwarin gona, sai ya faɗa kan wata guba wadda ɗigo kaɗan ya isa ya kashe mutum. A 1938 shi da abokan aikinsa suka haɗa wata da ta fi ta, ita ce ake kira Sarin. Ku riƙe wannan a ranku: Sarin da waɗansu magungunan feshi na gona daga tsatso ɗaya suka fito.

Tun daga nan sanin irin wannan guba ya zama na soja. Su ke da takunkumi, su ke da na'urar da ke shinshina iska ta faɗi abin da ke cikinta, su ke da allurar makari. 'Yan kwana-kwana kuwa aikinsu gobara, da hayaƙi, da ginin da ya rushe, da tankar da ta faɗi. Kowa yana harkarsa, don an ɗauka gubar yaƙi abar filin daga ce, ba ta shiga gari.

Abin da ya faru a Tokiyo

Tokiyo ita ce babban birnin Japan. Saboda yawan jama'a, an haƙa hanyoyi ƙarƙashin ƙasa, jiragen ƙasa na bi ta ciki suna kai mutane wurin aiki, tashoshinsu ma a ƙarƙashin ƙasa suke, sai an sauka ta matakala. Ran Litinin, 20 ga Maris, 1995, wajen ƙarfe takwas na safe, mutum biyar 'yan wata ƙungiya mai suna Aum Shinrikyo suka shiga jirage biyar. Kowannensu yana riƙe da leda cike da ruwan Sarin, an nannaɗe ta da jarida. Suka ajiye a ƙasa, suka huda da tsinin laima, suka fita abinsu. Ruwan ya malala, ya riƙa tashi ya zama tururi.

Ba a daɗe ba mutane suka fara tari. Hanci na yoyo, miyau na dalala, ƙirji ya ɗaure, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, har mutum ya ga gari ya yi duhu alhali kuwa da safe ne. Waɗansu suka faɗi suna makyarkyata. Ga dalilin haka. In jijiya ta aika wa tsoka saƙo ta motsa, akwai wani abu a jiki da ke share saƙon nan da nan domin tsokar ta huta. Sarin takan kama abin nan ta ɗaure shi, sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa, har tsokar numfashi ta gaji ta daina aiki.

A wata tasha mai suna Kasumigaseki, ma'aikatan jirgi suka ga ruwa a ƙasa, suka kwashe ledojin suka goge wurin don kada fasinja su taka. Sun ceci mutane da yawa, amma biyu daga cikinsu sun mutu. Hukumar kwana-kwana ta Tokiyo, wadda motocin asibiti ma a hannunta suke, ta aika da ma'aikata 1,364. Yawancinsu da kayan aikinsu na kullum suka sauka cikin ramin, don ba wanda ya san abin da ke ciki. Mutum 135 daga cikinsu gubar ta taɓa su, watau kusan ɗaya cikin kowane goma. Waɗanda suka zo ceto suka koma su ma sai an cece su.

Mutum fiye da 5,000 suka je asibitoci. Ƙasa da 700 ne motar asibiti ta ɗauka. Sauran da ƙafa suka tafi, ko cikin tasi, ko motar wani mai tausayi, kuma ba a wanke su ba kafin su tashi. Asibitin St. Luke, wanda ke kusa, ya karɓi mutum wajen 640 a ran nan kaɗai. Shugabansa, Likita Shigeaki Hinohara, ya ce a dakatar da sauran aiki a karɓi kowa, aka kwantar da mutane har a baranda da ɗakin ibada. Amma tufafin majiyyata na ɗauke da guba, tana ta tashi cikin ɗakunan da iska ba ta ratsawa sosai. Da aka tambayi ma'aikatan asibitin daga baya, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka amsa suka ce su ma sun ji alamunta a jikinsu.

Sai da aka yi kusan sa'a uku kafin 'yan sanda su sanar cewa Sarin ce. Wani likita, Nobuo Yanagisawa, ya taimaka ƙwarai. Shi ya taɓa jinyar irin waɗannan mutane a garin Matsumoto, inda 'yan ƙungiyar nan suka taɓa watsa Sarin a watan Yuni, 1994. Da ya ga labari a talabijin sai ya gane alamun, ya aika wa asibitocin Tokiyo bayanin yadda ake magani. Maganin kuwa iri biyu ne, allurar atirofin da wata da ake kira PAM. To, abin lura a nan, PAM magani ne da akan ajiye domin manoman da maganin feshi ya kama. Da na Tokiyo ya yi ƙaranci, sai aka tattaro shi daga waɗansu garuruwa aka kawo cikin jirgin ƙasa mai gudun tsiya.

Soja masu sanin guba sun zo, sanye da rigunansu da takunkumi, sun wanke jirage da tashoshi da ruwan magani. Sun yi aiki mai kyau, amma da rana ta yi suka iso, bayan an riga an kwashe mutane. Mutum 13 suka rasu, ta 14 ta bi su a 2020 bayan ta yi shekara 25 tana jinya. Shugaban ƙungiyar, Shoko Asahara, an zartar masa da hukuncin kisa a watan Yuli, 2018.

Da hankali ya kwanta aka zauna aka duba, sai aka ga abu uku. Na ɗaya, masu isowa da wuri ba su da sanin gubar, masu saninta kuwa ba su isowa da wuri. Na biyu, mutumin da ba a tuɓe masa tufafi aka wanke shi ba, yana kai guba duk inda ya je. Na uku, soja da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da likitoci ba su saba aiki tare ba, kowa da shugabansa da tasa hanyar aika labari. An ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda aka haɗa su

Labarin Tokiyo ya girgiza ƙasashe da yawa, kowace ta shafa wa gemunta ruwa. A Amurka akwai wani rukunin soja da ake kira Marin, masu yaƙi a ruwa da tudu. Shugabansu a lokacin, Janar Charles Krulak, ya ba da umurni a kafa wata runduna wadda aikinta ceton mutane daga guba da ƙwayoyin cuta. Aka kafa ta a watan Afrilu, 1996, ana taƙaita sunanta CBIRF. Cikin shekarar nan aka kai ta birnin Atlanta ta zauna cikin shiri lokacin wasannin Olamfik. A 2000 aka mai da mazauninta Indian Head, kusa da Washinton, babban birnin ƙasar.

Har wa yau a 1996 majalisar Amurka ta yi doka cewa soja su koya wa 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti na manyan birane 120 yadda ake gane guba da yadda ake kare kai. A 1998 aka fara kafa ƙananan ƙungiyoyin soja na jihohi, kowace mai mutum 22, waɗanda aikinsu su zo da sauri su auna iska su gaya wa hukumar gari abin da ke ciki. Da goma aka fara, daga baya suka kai 57.

Kada ku ɗauka soja ne kaɗai malamai. An horar da soja ya kare kansa ya ci gaba da yaƙi. Ba a horar da shi ya fito da tsohuwa daga bene mai hawa ashirin ba, ko ya tokare bangon da ke shirin faɗuwa, ko ya ɗaga mota daga kan mutum. Wannan sanin 'yan kwana-kwana ne. Wani babban jami'in kwana-kwana na birnin New York, Raymond Downey, wanda shi ma tsohon Marin ne, yana cikin waɗanda suka koya wa sabuwar rundunar dabarun ceto. Ya rasu ran 11 ga Satumba, 2001, cikin 'yan kwana-kwana 343 da suka mutu sa'ad da dogayen benaye biyu suka rushe a birnin. Sojan nan suka sa wa filin horonsu sunansa, suka kuma ci gaba da zuwa New York suna gwaji tare da mutanensa. Japan ita ma a 2004 ta kafa dokar kare farar hula, bisa ga ita akan tara soja da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da asibitoci a yi gwaji tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda gwajin ke gudana

Akan sami wata tasha ko filin wasa, a kawo mutane su kwanta kamar guba ta kama su, a sa musu alama a jiki. Waɗanda suka fara isowa ba su faɗawa ciki. Sukan tsaya nesa, su duba inda iska ke fitowa, su ajiye motocinsu ta wajen, a kan tudu in da hali, domin iska ta riƙa kore gubar daga gare su.

Sa'an nan a raba wurin kashi uku da igiya. Fili na ɗaya shi ne inda gubar take. Ba mai shiga sai wanda ya sa riga mai rufe jiki ruf, da tulun iska a bayansa. Biyu biyu ake shiga, waɗansu kuma na tsaye a waje da shirinsu ko da wani abu zai sami na ciki. Akwai mai riƙe da agogo yana rubuta lokacin da kowa ya shiga, don iskar tulu ba ta kai wa mutum fiye da sa'a guda, mai aiki da ƙarfi kuwa tasa takan ƙare tun kafin haka. Fili na biyu wurin wanka ne. A nan ake tuɓe wa mutane tufafi, wanda ba ya iya motsi a yanke masa riga da almakashi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a ba shi bargo, maza daban mata daban. Tuɓe tufafi kaɗai yana raba mutum da mafi yawan gubar. Fili na uku shi ne mai tsabta, inda likitoci da motocin asibiti ke jira. Ba mai tsallakawa daga na ɗaya zuwa na uku sai ya bi ta na biyu, ko da janar ne.

Akwai kuma wata ƙa'ida babba. Shugaban wurin ɗan hukumar gari ne, sau da yawa shugaban 'yan kwana-kwana. Soja taimako suka kawo, a ƙarƙashinsa suke aiki. In an gama gwaji akan zauna a faɗi inda aka yi daidai da inda aka makara, a gyara kafin wani karo.

In ƙwayoyin cuta ne

Guba takan kayar da mutum nan take. Ƙwayar cuta kuwa ba ta da wari, ba ta da hayaƙi, sai bayan kwanaki mutum ya fara zazzaɓi. A watan Satumba da Oktoba, 2001, aka aika da waɗansu wasiƙu ta gidan waya a Amurka, cikinsu da wani gari mai kama da hoda. Garin nan ƙwayoyin ciwon saifa ne, cutar nan da ke kashe shanu da tumaki farat ɗaya. Wanda ya fara gano abin ba soja ba ne, ba kuma ɗan kwana-kwana ba. Wani likita ne a Jihar Fulorida, ya ga majiyyaci da alamun da ba su yi kama da na kullum ba, ya sa aka auna, ya kuma sanar da hukuma. Mutum 22 suka kamu, 5 suka mutu, biyu daga cikinsu ma'aikatan gidan waya ne na Washinton. Ran 15 ga Oktoba aka buɗe ɗaya daga wasiƙun a ofishin wani ɗan majalisa, Tom Daschle. Aka rufe ginin har watan Janairu, 2002. Sojan CBIRF na cikin waɗanda suka shiga da rigunansu suka ɗebo ƙura don a auna, suka kwashe wasiƙu, aka kuma ba dubban mutane magani tun kafin ciwo ya bayyana. Daga nan aka ƙara fahimta cewa in cuta ce, malamin asibiti shi ne mai gadin ƙofa, tilas a sa shi cikin gwaji.

Abin da ya shafe mu

To, jama'a, mu komo gida. Fiya-fiya da waɗansu magungunan da kuke fesa wa wake da auduga da tumatir dangin Sarin ne. Ba su kai ta ƙarfi ba ko kusa, amma hanyar da suke bi su cuci jiki ɗaya ce, alamun ɗaya ne, makarin ma atirofin ne. Suna shiga ta baki, ta hanci, har ta fata. In kun ga mai feshi ko yaro yana gumi, miyau na zuba, yana amai da zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke, to ku yi abin da sojan nan ke yi. Ku fitar da shi waje inda iska ke kaɗawa. Mai taimako ya sa hannunsa cikin leda. A tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, in riga ce a yage ta, kada a ja ta ta fuskarsa, a ƙulle kayan cikin leda a ajiye nesa. A wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta har kamar minti 15. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, a kawo shi ɗakin magani maza-maza, tagogin mota a buɗe, a kuma taho da kwalbar maganin domin malamin asibiti ya karanta sunansa.

In mutum ya shiga rijiya ko masai ya yi shiru, kada wani ya bi shi a guje. Muguwar iska takan taru a ƙasan rami, kamar yadda ta taru a ramukan Ypres, ta kayar da na biyu da na uku kamar yadda ta kayar da na farko. A kira jama'a, a aika wa 'yan kwana-kwana. Kada kuma a ta da inji cikin rijiya ko cikin ɗaki.

Ciwon saifa kuwa yana nan. A watan Yuli, 2023, an tabbatar da shi a wata gonar dabbobi a Suleja, cikin Jihar Neja. In dabba ta faɗi ta mutu ba ta yi jinya ba, baƙin jini wanda ba ya daskarewa na fita ta hanci ko ta baki ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a sayar da fatar. Ƙwayoyin cutar suna iya zama cikin ƙasa shekaru da yawa. A hana yara da karnuka zuwa wurin, a kira malamin dabbobi, a ƙone mushen ko a binne shi a rami mai zurfin ƙafa shida. A kai sauran garke rigakafi kowace shekara. Wanda ya taɓa dabbar ya ga wani ƙurji mai baƙin tsakiya a hannunsa, ko da ba ya zafi, ya zo ɗakin magani. In an zo da wuri yana warkewa.

Yana da kyau mai unguwa da malamin asibiti da shugabannin manoma su zauna tun kafin damina, su shirya wa zai kawo ruwa, wa ke da mota, wace hanya za a bi, su gwada sau ɗaya a idon jama'a. Soja da 'yan kwana-kwana ba su fi ku ƙarfin zuciya ba. Abin da suka fi ku kawai shi ne sun gwada tun kafin ranar ta zo.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Sai wani mako kuma. Ku huta lafiya.